Yaron da ke tsere wa aji don tantabaru: nazarin wata goma a wani lambu a Daura

Yaron shekararsa goma, yana aji huɗu a wata firamare ta gwamnati a gefen garin Daura. An sakaya sunansa da na makarantar. A rajistar aji, cikin kwana biyar na mako da kyar yake cika biyu, kuma ko ya zo, da an kaɗa ƙararrawar tara sai a neme shi a rasa. Littafinsa kuwa tsaf yake. Duk abin da aka rubuta a allo yana kwashe shi da kyakkyawan hannu. Amma in aka ɗora yatsa a kan kalma ɗaya daga cikin abin da ya kwafa aka ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai. Zane yake yi, kamar mai kwaikwayon aikin hula. Ajin na da yara kusan casa'in, shi kuma wurin zamansa can baya ne a ƙasa, kusa da taga. Sunan da ya bi shi tun aji biyu shi ne daƙiƙi.

Wannan daƙiƙin dai ba ya ɓatan canji in an aike shi kasuwa, a makarantar allo kuma haddarsa ba ta da laifi. In ya gudu daga aji, inda ake samunsa ɗaya ne: bayan gidan wani maƙwabci mai kiwon tantabaru, yana tsugune yana kallo.

Abin da aka fara dubawa

Kafin a yi maganar kai shi koyo a lambu ko wani sabon tsari, an fara da jikin yaron, domin yawancin masu aikin taimakon yaran da karatu ya gagara a nan suke tuntuɓe. An gwada idonsa da allon gwaji mai alamar E daga nisan mita shida, lafiya lau. An gwada kunne ta hanya mai sauƙi: babba ya tsaya a bayansa da nisan hannu guda, ya toshe masa kunne ɗaya, ya raɗa lambobi, yaron ya maimaita. Kunnen dama ya kama duka. Na hagu bai kama ko rabi ba. Sai a lokacin mahaifiyarsa ta ce ai tun yana ƙarami kunnen ke zubar da ruwa lokaci-lokaci, ana ɗiga masa mai yana lafawa. Aka kai shi asibiti aka ba shi magani, aka kuma hana zuba komai a kunnen. Zubar ta tsaya, jin bai dawo duka ba. Wannan ya warware wani ɓangare na lamarin. A makarantar allo gab da malam yake zama, a boko kuwa yana bayan yara casa'in, kuma kunnen da ke ji sosai yana fuskantar taga. An tambaya ko fitsarinsa na yin ja, saboda tsargiya, da ko yana karya kumallo kafin ya fito. Tsargiya babu. Kumallo kuwa sai ranar da aka samu.

Daga nan aka auna karatunsa da gwajin matakai biyar irin wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa: wanda bai san komai ba, mai gane harafi, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, mai karanta gajeren labari. Da Hausa ake yinsa, yaro ɗaya a lokaci ɗaya, minti biyar zuwa goma, kuma ba a gaban 'yan ajinsu ba. Yaron ya tsaya a matakin harafi. Ya san sunayen haruffa da waƙar ABCD, amma bai san cewa "g" da "a" in sun haɗu suna ba da "ga" ba. A lissafi, da ka yana cire 350 daga 1,000 ba tare da ya tsaya ba. Da aka rubuta masa 52 a cire 17 a takarda, sai ya rubuta 45, wato ya cire ƙaramar lamba daga babba a kowane gida.

Tsarin, da yadda aka rage masa tsawo

Tunanin a fitar da yaro waje a bar shi ya zaɓi abin da zai koya yana da tushe biyu. Ɗaya shi ne makarantun daji, wato na cikin itatuwa, da suka fara a Denmak a shekarun 1950, suka shiga Ingila a 1993 bayan malaman kwalejin Bridgwater sun je sun gani. Ɗayan kuma makarantun da yaro ke tsara ranarsa da kansa, irin Summerhill da A. S. Neill ya kafa a 1921 da Sudbury Valley da aka buɗe a Amurka a 1968, inda shiga darasi ba dole ba ne. Ko ɗaya ba a iya ɗauko shi yadda yake a dasa a jihar Katsina. Na farko, kalmar daji kanta ta isa ta kashe maganar. Tun sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, babu uban da za a ce wa za a kai ɗansa karatu daji ya saurari ƙarshen zancen, ko da a ɓangaren Daura ne da ya fi yammacin jihar kwanciyar hankali. Na biyu, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye karatun shekara tara na farko, kuma yaron talaka da aka cire daga rajista da wuya ya koma. Saboda haka ba a cire kowa daga makaranta ba. An yi yarjejeniya da hedimasta da kwamitin iyaye: yara takwas, maza shida mata biyu, 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, za su yi safiyar Talata da Alhamis a lambu, da safiyar Asabar, sauran kwanaki suna aji.

Lambun na wani dattijo ne, tafiyar minti goma sha biyar daga makaranta, cikin gidaje, faɗinsa kamar mita talatin tsawonsa arba'in, da darni kewaye. Akwai tsamiya babba mai inuwa, da bedi biyu, wato darbejiya, da gawo ɗaya a kusurwa, da rijiya. Manya biyu ne ke tare da yaran kullum: wata malama da ta yi ritaya daga firamare, da mai lambun. Kafin yaro ya taka wurin an yi wa rijiyar murfin ƙarfe da kwaɗo, an cire tumfafiya saboda ruwanta na cutar da ido, an cire cini-da-zugu saboda 'ya'yansa guba ne kuma yara na ɗaukarsu kamar gyaɗa, an kwashe tarin kara da fasassun bulo inda kunama da kububuwa ke fakewa. Dokoki huɗu kawai aka kafa: ba a fita darni, ba a shiga ba takalmi, ba a sa hannu a rami ko ƙarƙashin abin da ido bai gani ba, ba a ɗaukar adda ko lauje sai babba na tsaye. Manyan biyu sun san abin yi in maciji ya yi sara: ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron zuwa asibiti. An ajiye lambar mai babur ɗaya da ya yarda a kira shi kowane lokaci. Ruwa jarka biyu masu lita 25, ɗaya ta sha ɗaya ta wanke hannu da sabulu.

Mako biyar na farko sun tafi a banza

An fara a watan Oktoba, ana tsakiyar kaka. Malamar ta ɗauki maganar 'yanci da gaske: ta gaya wa yaran kowa ya yi abin da ransa ke so, ta koma gefe. Yaran suka tsaya cirko-cirko. Yaron da tun tasowarsa ba a taɓa tambayarsa me yake so ba, in aka ce ya zaɓa, tarko yake zato. Kwana biyu suna jiran umarni, a na uku danƙo ya fito daga aljihu aka shiga harbin ƙadangaru, a mako na biyu aka yi dambe har da fasa leɓe. Mai lambun kuwa da ya ga yara takwas zaune ga fangali na jiran ruwa, sai ya yi abin da kowane dattijo zai yi: wannan ɗebo, wancan share, ke tsinci ciyawa. Ba mugunta ba ce, haka aka rene shi. Sai dai a nan tsarin ke rikiɗewa ya zama aikatau ba lada, kuma iyayen da suka ce an mayar musu da 'ya'ya leburori ba su yi ƙarya ba. Ana bambance aikin da yaro ya zaɓa da aike ta tambaya biyu: yana da ikon ajiyewa ya canja? Abin da aikin ya haifar na wa ne?

Yaron namu a makonnin nan bai yi komai ba sai zama a gindin tsamiya. Abu ɗaya dai ya canja, bai fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Wani zai ce don kokon da ake rabawa ne, kuma ba mamaki da gaskiyarsa.

Gyaran da aka yi shi ne a ƙuntata zaɓin a kuma kafa wa safiyar ƙa'ida. Ƙarfe takwas ana zagaya darni tare, ana duba sawu da abin da ya canja tun zuwan baya. Takwas da kwata ana zama a inuwa, kowane yaro ya faɗi da bakinsa abin da zai yi yau da kayan da yake bukata. Wanda ya rasa ta cewa ana ba shi abu uku ya ɗauki ɗaya. Daga takwas da rabi zuwa goma aikin kansa ne, babba ba ya sa baki sai an tambaye shi ko an taka doka. Goma ana wanke hannu a sha koko da ƙosai. Goma da minti ashirin, karatu na minti ashirin cif, yara uku-uku ko biyu bisa matakinsu, wannan kam ba zaɓi a cikinsa. Sannan kowa ya buɗe littafin aikinsa ya sa abin da ya faru, da zane ko lamba ko kalma, ya faɗa wa sauran. Goma sha ɗaya da rabi an tashi. Da bazara ta shigo, zafi na haura digiri arba'in, aka dawo da komai baya da awa guda. An kuma ware wa mai lambun nasa matsayi: shi ne wanda ake tambaya, kuma duk fangalin da yaro ya roƙa aka ba shi, abin da ya fito na yaron ne.

Tantabaru

Ranar da aka fara sabon tsarin, da layi ya zo kansa, yaron ya yi shiru har aka kusa wucewa, sannan ya kalli mai lambun ya ce, "Baba, ana barin tantabara a nan?" Aka sayo guda shida, aure uku. Shi ya zaɓe su a kasuwa, kuma ya fi manyan biyu sanin namiji da mace. Aka rataya tsofaffin tukwane a jikin bangon rumfa, sama da tsayin mutum saboda muzuru da ɓera, tukunya biyu ga kowane aure, domin tantabara kan sake yin ƙwai tun 'ya'yan farko ba su tashi ba. An tsare su a rufe kamar mako uku kafin a sake su, don kada su koma tsohon gida.

Tantabara ta dace da wannan aiki ta wata fuska da shuka ba ta kai ta ba: lissafinta ba ya kuskure sosai, kuma yaron yana matuƙar son sanin amsar. Ƙwai biyu take yi, na biyun bayan kamar kwana biyu. Kwanci kwana goma sha takwas ne, ko ya ragu ko ya ƙaru da ɗaya, namiji na karɓa da rana mace da dare. 'Ya'yan na tashi a wajen wata guda. Aure na farko sun cika ƙwai biyu ranar 22 ga Nuwamba. Malamar ba ta gaya masa ranar ƙyanƙyasa ba, kalanda ta miƙa masa. Ya ƙirga da yatsa gida-gida, ya iso 30 ya tsaya, domin bai san inda wata ke zuwa in ya ƙare ba. Ya juya shafi, ya ƙarasa, ya sauka a 10 ga Disamba. Daga wannan aka ciro ɗaukar goma da aron goma, da tsakuwa da kara: karan dawa guda goma ne, tsakuwa ɗaya-ɗaya. In za a cire bakwai daga biyu, sai a canja kara ɗaya da tsakuwa goma, kamar yadda ake neman canji wurin mai shago. Kuskuren 52 a cire 17 ya ɓace cikin mako uku, saboda dama ya iya abin da ka, rubutun ne ba a taɓa haɗa masa da kuɗin da ke hannunsa ba. Abinci ma ya zama darasi. Ya auna da gwangwanin madara ya gano tiya ɗaya ta gero da dawa na kai tsuntsaye shida kamar mako biyu, ya kuma lissafa tiya nawa zai nema kafin ƙarshen zango.

A kwana na shida na kwancin aure na biyu, mai lambun ya nuna masa yadda ake haska ƙwai. Suka shiga rumfa, aka rufa musu zani a ka, yaron ya riƙe ƙwan a tsakanin yatsu biyu, dattijon ya manna tocilan waya a ƙasansa. Na farko ya nuna jijiyoyi ja kamar saiwar ciyawa, da ɗigo mai duhu a tsakiya. Na biyu fayau, haske ya ratsa shi ba komai. Yaron ya mayar da su a hankali, ya fito yana ƙifta ido, ya je ya tsaya gaban malamar da littafinsa. "Malama, yaya ake rubuta baragurbi?" Wannan ce kalma ta farko da ya taɓa nema da kansa. Ba ta rubuta masa ba. Ta sa ya tafa ta, ba-ra-gur-bi, tafi huɗu, ta ja gida huɗu a ƙasa da tsinke, suka cika su ɗaya bayan ɗaya.

A nan ya kamata a tsaya a kan minti ashirin ɗin nan, domin su ne masu sha'awar wannan tsari suka fi rainawa. Tantabara ba ta koyar da karatu. Yaro zai iya shekara yana kiwo, ya san komai na tsuntsu, ya fito bai san "ba" daga "bi" ba. Magana ce ake tsinta a iska, rubutu kuwa sai an nuna. Abin da aka bi shi ne wasula biyar da farko, da sautinsu ba da sunansu na Turanci ba, sannan baƙi biyu ko uku a mako, kowanne a zagaya shi da wasulan: ga ge gi go gu, ra re ri ro ru. Da an sami gaɓoɓin da za su haɗa kalma sai a haɗa, kuma daga lambun ake ɗauko kalmomin: gero, dawa, ruwa, gawo, kuka, zogale. Ana rubutawa a yashi da yatsa kafin takarda, domin kuskuren yashi tafin hannu ke share shi ba jan biro ba. Hausar boko tana da sauƙi a nan, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Haruffa masu lanƙwasa aka bari sai mako na bakwai, kuma tsuntsayensa ne suka kawo su: yana da wata mai baƙin baki, ya so ya rubuta, ya ga "baki baki" ba ta faɗi abin da yake nufi ba. Daga nan aka shiga kafa da ƙafa, daka da ɗaki, bari da ɓari. Gaɓa mai rufi irin "tan" da "gur", da tagwaye irin "ƙw" da "ts" da "sh", su suka zo ƙarshe. Malamar kullum tana zama ta damansa.

Abubuwa biyu sun lalace. Cikin hunturu 'ya'ya biyu suka daina karɓar abinci, da aka buɗe bakinsu aka ga wani abu rawaya kamar cuku a maƙogwaro. Ciwo ne da ke yaɗuwa ta ruwan sha da ta ɗurar da iyaye ke yi wa 'ya'ya, kuma kaskon ruwan na kwana uku ba a wanke ba, saboda ba wanda aka ɗora wa ranakun da yara ba sa zuwa. Ɗaya ya mutu. Malamin dabbobi ya ba da magani, aka koma wanke kasko kullum, yaron na biyowa bayan la'asar da izinin gida. Darasin na manya ne: duk mai rai da aka kawo irin wannan wuri sai an rubuta wanda zai duba shi kwana bakwai na mako. An kuma hana share kashin tsuntsu a bushe, sai an yayyafa ruwa, saboda ƙurarsa na taɓa huhu.

Na biyu a watan Afrilu ne, da yaran suka shiga renon itatuwa don dashen damina. Ledar fiya-wata ake yanke wa baki, a huda ƙasanta wuri huɗu zuwa shida, a cika da ƙasa kashi uku da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ƙasar Daura jigawa ce, ba ta bukatar ƙarin yashi. Irin zogale ana binne shi zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ya fito cikin mako ɗaya zuwa biyu. Na kuka da na gawo ɓawonsu tauri gare shi, sai an kankare gefe ko an jiƙa a ruwan zafi ya kwana. Na bedi kuma sabo ake shukawa, in ya jima ba ya tsira. Yaron ya ce kashin tantabararsa ya fi takin akuya, zai zuba shi ɗanye. Mai lambun ya buɗe baki, malamar ta girgiza masa kai, ta ce wa yaron ya yi leda goma da nasa, goma da na Baba, ya sa musu alama. Na Baba tara suka fito. Nasa uku, su ma ganyen ya ƙone daga baki. Ɗanyen kashin tsuntsu yana da ƙarfi da gishiri, yana ƙone saiwa, sai an cakuɗa shi da tattaka an jiƙa ya ruɓe wata biyu zuwa uku. Asarar leda bakwai ce, kuma wannan shi ne girman kuskuren da ya dace a bar yaro ya yi. Kuskuren da zai kashe tsuntsu ko ya taɓa ido ba a barinsa.

Uban, da ajin da ya bari

Mahaifin yaron ɗan kasuwa ne, kuma tun farko bai so ba. A ofishin hedimasta ya ce, "Malam, ni da fartanya aka rene ni. Na kawo shi boko don ya riƙe biro, sai na ji ku da kanku kun mayar da shi lambu, har da wasan tantabara. In noma ne ai ga gonar gado can." Hedimastan ya ce, "Alhaji, shekara huɗu ke nan biron na hannunsa. Ka ba mu zango biyu. In sun cika ka gwada shi da kanka, yadda ka ga dama." Wannan amsa ta fi duk wani bayani a kan Denmak amfani, domin ta ba uban wa'adi da ikon yanke hukunci. Da lokacin ya yi, bai ce masa komai da baki ba, takarda ya rubuta ya ba shi ya kai shago: dawa tiya biyu, sabulu, gishiri. Yaron ya tsaya a zaure yana haɗawa, ya ce "bawa tiya biyu", ya yi dariya, ya gyara da kansa. Ya dawo da kayan daidai.

Matsalar da ba a hango ba daga cikin makaranta ta fito. 'Yan aji suka laƙaba wa takwas ɗin 'yan lambu, ma'ana waɗanda kansu ba ya ja. Malamin ajin kuma ya ji kamar an ce ya gaza ne, alhali mutum ɗaya da alli a gaban yara casa'in ba abin da zai iya yi wa na bayan taga. Laifin masu shirin ne da ba su sa shi a ciki tun ranar farko ba. An gyara da abu biyu. Aka mayar da yaron layin gaba, ta gefen da kunnen damansa zai fuskanci malami. Da damina ta sauka kuma aka ba 'yan lambun aikin auna ruwan sama wa makarantar gaba ɗaya: gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke wuyanta a kifa shi ciki kamar mazurari, a zuba tsakuwa da ruwa har layin sifili, a manna rula, a kafa ta a fili nesa da itace da indararo, a karanta kowace safiya a zubar zuwa layin. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Malamin ajin ya riƙa ɗaukar lambobin yana yin darasin tarawa da su, kuma yaron ne ke tashi ya rubuta su a allo.

'Yan matan biyu labarinsu daban ne kuma bai yi daɗi haka ba. Ɗaya ta kai matakin kalma. Ɗayar aka janye ta tun zango na biyu, domin safiyar Asabar lokacin talla ne, kuma ba a tattauna wannan da mahaifiyarta ba kafin a tsara ranakun.

Inda aka tsaya

A ƙarshen Yuli aka maimaita gwajin da sabuwar takarda. Yaron ya karanta sakin layi na Hausa mai jimla huɗu, a hankali, da yatsa, ya kuma amsa tambaya a kansa. Gajeren labari ya fi ƙarfinsa tukuna. Yana cirewa da aro a rubuce, ya fara ninkawa. Zuwansa aji ya koma kwana huɗu ko biyar a mako in an haɗa da na lambu. Sakamakon jarrabawar zango kuwa kusan bai motsa ba, saboda da Turanci ake yin ta, shi kuma Turancinsa bai wuce 'yan kalmomi ba. Har yanzu yana musanya "b" da "d" in ya gaji. Idan hakan ya ci gaba bayan shekara guda ta koyarwa a tsare, ya kamata masani ya duba shi don matsalar karatu da ake kira disleksiya.

Yaro ɗaya ne, kuma abubuwa huɗu aka canja masa a lokaci guda: magani a kunne, koko da safe, koyarwa ta yara uku, da lambu. Ba wanda zai iya rantsewa a kan kason kowanne. Abin da ya fi kama hankali shi ne karatun daga minti ashirin ɗin ya fito, lambun kuma shi ya kawo yaron ya zaunar da shi, ya ba shi abin da yake so ya rubuta. Duk wanda zai kwaikwayi wannan da kuɗi kaɗan, in dole sai ya rage wani abu, ya rage tukwane da ledoji, kada ya taɓa gwajin kunne da ido ko minti ashirin ɗin.

Da aka koma makaranta a Satumba ya shiga aji biyar. An rage masa lambu zuwa Asabar kaɗai, aka bar minti ashirin sau uku a mako a ƙarƙashin bedin makaranta lokacin tara, biyu na Hausa ɗaya na Turanci, ana ɗauko kalmomin Turancin daga littafin tantabarunsa. Tsuntsayen sun kai goma sha huɗu, ya sayar da aure biyu ya sayi dawa. Za a sake gwada shi a Disamba. Alawus ɗin malamar, wanda iyaye huɗu ne kawai cikin bakwai ke biya a kan lokaci, kwamitin bai warware shi ba tukuna.